Kuka, Zango da Burtali: Tarihin Alamomin Hanya a Fadamar Haɗejiya



Idan aka ce tarihi, hankalinmu yakan tafi ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da shekarun da kowa ya yi a kan gado. Amma babu sarkin da ya ci yaƙi sai da rundunarsa ta san inda mashigi yake, babu kuma falken da ya kai kanwa Kano sai da wani ya nuna masa inda zai kwana da inda zai shayar da jakunansa. Saboda haka yau ina so mu dubi wani ƙaramin abu da kowa ya sani amma ba kasafai akan ɗauke shi a bakin kome ba, watau alamomin da matafiya ke bi su gane hanya. Zan fara da wata ƙasa mai nisa, domin a can na fara lura da abin da na baro a gida, sa'an nan in dawo da mu Guri da fadamar Kogin Haɗejiya.

Gicciyen dutse a dajin Dartmoor

A kudu maso yammacin Ingila, cikin lardin Devon, akwai wani daji mai tudu da ake kira Dartmoor. Daji ne marar itatuwa sai ciyawa da duwatsu da dausayi mai haɗiye ƙafa, kuma hazo mai laima yakan sauko masa ba zato, har mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa da taki goma. A lokacin da nake karatu a can wani abokin karatuna ya kai ni, muka yi tafiyar ƙasa har muka iske wani dogon dutse da aka sassaƙa shi siffar gicciye, tsayinsa ya ɗan fi na dogon mutum, yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili.

Sunan wannan dutse Gicciyen Siward. An ambace shi a rubuce tun 1240, sa'ad da Sarkin Ingila Henry na Uku ya sa barade 12 suka kewaya dajin don tabbatar da iyakarsa. Yana tsaye ne a kan hanyar da ta haɗa gidajen zuhudu na Kirista da ke Buckfast da Tavistock da Buckland, kuma irinsa suna da yawa a dajin, an jera waɗansu yadda in ka tsaya a gindin ɗaya za ka hangi na gaba. Aikinsu biyu ne: su nuna hanya, su kuma nuna iyaka. An ba su siffar gicciye domin mutanen wancan zamani su ji nauyin taɓa su. A arewacin Ingila ma, a dajin Yorkshire, akwai wani da ake kira Gicciyen Ralph, wanda matafiya suka daɗe suna ajiye 'yan kuɗi a kansa don wanda guzuri ya ƙare wa.

Duk da haka duwatsun ba su tsira ba. Bayan an rushe gidajen zuhudu a zamanin Henry na Takwas, wajen 1539, aka rasa mai kula da su, manoma suka tuge waɗansu suka mai da su ginshiƙan ƙofar garke. Gicciyen Siward kansa an karya shi a 1846, daga baya aka ɗaure shi da ƙarfe aka tsayar. Abin da ya ceci sauran shi ne wani mutum mai suna William Crossing, wanda ya bi dajin da ƙafa yana tambayar tsofaffi yana rubutawa, har ya fitar da littafi a kansu a 1887. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ƙasar da babu dutse

Ina tsaye a gindin dutsen nan na tambayi kaina, to, mu fa? Kakanninmu sun yi tafiye-tafiyen da suka fi na mutanen Devon nisa ƙwarai, da me suka gane hanya?

Amsa ta farko tana cikin ƙasar kanta. Wanda ya taso daga Birnin Kudu ko Dutse ya nufo gabas zai ga duwatsu suna ƙarewa, domin daga nan dutse ya nutse ƙarƙashin rairayi da yumɓun kwarin Tafkin Chadi. A ƙasar Guri da Kirikasamma da Birniwa, dutsen niƙa ma sai an sayo shi daga wani wuri. Ganuwar Haɗejiya da ƙasa aka gina ta. Mutumin da ba shi da dutsen niƙa kuwa ba zai kafa dutse a daji don baƙo ba.

Abin da ƙasar ke da shi shi ne jigawa da fadama. Dubban shekaru da suka wuce, a wani zamani na fari da hamada ta matso kudu, iska ta jera dogayen tuddan rairayi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Da ruwa ya dawo sai Kogin Haɗejiya, wanda haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa ta haifar, ya shiga tsakankanin tuddan nan ya rarrabu, ya zama Marma da Burum Gana da sauran rassa, kafin ruwansa ya gamu da na Jama'are wajen Gashuwa su zama Kogin Yobe. Garuruwa irin su Guri da Kadira da Musari da Abunabo suna zaune a kan tudu, fadama tana kewaye da su. Sunan jiharmu da aka ƙirƙira a 1991, watau Jigawa, kalma ce ta manomi da matafiyi: ƙasa mai rairayi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta.

Wannan ya sa hanya a fadama iri biyu ce. Akwai hanyar rani, wadda ke ratsa fadama kai tsaye bayan ruwa ya janye. Akwai kuma hanyar damina, daga watan Agusta zuwa wajen Oktoba sa'ad da kogi ya kawo, wadda ke bin gadon jigawa tana kewaye, inda ta katse kuwa sai a nemi ɗan fito da kwalekwalensa. Hatsarin da hazo ke jawo wa mutumin Dartmoor shi ne ruwa ke jawo wa mutumin Guri: jiya ka bi wuri da ƙafa, yau ka zo ka tarar da shi fari fat, babu turba babu sawu.

Karatun itatuwa

Alamar da ba ta nutsewa ita ce itaciya, kuma mutanen fadama, Hausawansu da Ngizimawa da Badawa da Mangawa da Fulani, sun mai da sanin itatuwa ilimi. Kowace itaciya tana da irin ƙasar da take so, don haka ganinta daga nesa yana gaya wa matafiyi abin da ke ƙarƙashinta.

Kuka ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. In ka hangi kuka, ka hangi tudu, kuma sau da yawa ka hangi gari ko kufai, gama mutane ne ke barinta ta girma saboda miya da igiya da 'ya'yanta. Giyayya kuwa akasin haka take, a inda ruwa ke kwanciya watanni take tsira, mai jaki da kaya ya ganta ya san ba nan ne hanyarsa ba da damina. Gabaruwa tana bin bakin ruwa da ƙasa mai laka. Giginya, saboda tsayinta, ana hangenta tun daga nesa, ita ce hasumiyar fadama. Goriba tana nuna ruwan ƙasa ba shi da zurfi, ana iya haƙa a samu. Tsamiya da kanya sukan tsaya a kan tsohon suri, wuri mai ɗan tudu da inuwa, inda akan sauke kaya. Gawo ma yana da nasa amfani, domin da rani, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, shi ne ke da ganye da 'ya'yan da dabbobi za su ci.

Na ga wannan ilimi da idona wata shekara da ruwa ya yanke hanyar mota, na shiga kwalekwale tare da wani dattijo ɗan fito. Ni dai ban ga kome ba sai ruwa da kawunan ciyawa. Na ce masa, “Baba, yaya kake gane hanya a nan?” Ya nuna mini giginya biyu can gaba, ya ce, “Ɗana, muddin waccan doguwar tana rufe gajeruwar, muna cikin gulbi. Ran da ka ga sun rabu, ka hau gonar mutane.” Wannan dabara ta jera alama biyu a kan layi ɗaya ita ce matuƙan jiragen ruwa ke amfani da ita wajen shiga tashoshin teku, sai dai su da fitilu suke yi.

Da dare kuma akwai taurari. Fitowar Gamzaki ita ce ke tayar da ayari da asuba, Kaza da 'ya'yanta kuwa da ita ake lissafin lokacin shekara. Alƙur'ani mai girma, a Suratun Nahli, ya lissafa koguna da hanyoyi da alamomi da taurari cikin ni'imomin da aka yi wa mutum don ya shiryu a tafiyarsa.

Ayari da sunayen wurare

Kada a ɗauka waɗannan hanyoyi na zuwa cin kasuwar ƙauye ne kawai. Ƙasar Haɗejiya tana tsakanin Kano da Barno. Garun Gabas, watau Biram, tana cikin Hausa Bakwai, kuma kafin jihadi ita da Auyo da Haɗejiya da maƙwabtansu suna ƙarƙashin Barno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Bayan kafuwar sarautar Fulani a farkon ƙarni na 19, a zamanin Sarki Sambo, Haɗejiya ta zama bakin iyakar daular Sakkwato ta gabas. Ta wannan yanki kanwa da gishirin mangul na ƙasar Manga da busasshen kifi da shanu ke tafiya yamma, tufafin Kano da goro kuma su yi gabas, haka nan mahajjatan da ke bin ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur.

Ayari yana da tsari. Madugu shi ne shugaba, uban dawaki yana kula da sha'anin masauki da biyan fito, malamin ayari yana addu'a da rubutu. Amma wanda ya shafe mu yau shi ne jagaba, mai tafiya a gaba. Taswirar hanya tana cikin kansa: daga kuka kaza zuwa rijiya kaza, daga nan a bar tsamiya a hannun hagu a gangara mashigi. Ba a auna nisa da mil, da zango ake aunawa, watau tafiyar yini guda ta jaki mai kaya. Shi ya sa Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata, ya kuma ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Karin magana na biyun nan yana da shaida a tarihin yankinmu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bar Kano a watan Maris na 1851 ya bi ta Gumel, arewa da Haɗejiya, ya isa Kukawa ran 2 ga Afrilu. A cikin labarin tafiyarsa ya ambaci rashin kwanciyar hankalin da rikicin Sarkin Haɗejiya Buhari da Sakkwato ya jawo wa matafiya. Hanya takan kauce wa yaƙi kamar yadda takan kauce wa ruwa, in ta kauce kuwa sai zangon da aka bari ya mutu, kukarsa ta rage ita kaɗai tana shaida.

A nan ne aikinmu na masu nazarin harshe ya shigo. Alamar da ta daɗe takan zama suna, suna kuwa ya fi itaciya tsawon rai. Kukawa, birnin da Shehu Muhammadu El-Kanemi ya kafa a 1814, daga kuka ta samo sunanta. Ku duba yawan garuruwa da unguwannin da ake kira Zango, ko Rimi, ko Tsamiya, ko Mararraba, ku duba Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki a Kano. Duk wanda ya jera irin waɗannan sunaye a kan taswira zai ga tsofaffin hanyoyi suna fitowa da kansu.

Wa ke tsare alama?

Dutse ko itaciya ba ya zama alama sai jama'a sun yarda su bar shi a inda yake. Misalin da ya fi bayyana wannan yana arewa da mu, a ƙasar Nijar. A hamadar Tenere, kan hanyar ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, akwai wata itaciya mai ƙaya da ta daɗe tsaye ita kaɗai, har aka sa ta a taswira. Da aka haƙa rijiya a gefenta a 1938 zuwa 1939 aka tarar saiwoyinta sun bi ruwa fiye da mita 30 a ƙasa. Raƙuma dubbai sun wuce ta, Abzinawa kuwa ba su bari an ci ganyenta ko an karya reshenta don dafa shayi ba, ko da yake babu dogari a wurin. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gawarta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma aka kafa ta ƙarfe.

Addininmu ya ƙarfafa irin wannan yarjejeniya. Tirmizi ya ruwaito cewa nuna wa wanda ya ɓace hanya sadaka ne, a cikin Sahihu Muslim kuma akwai hadisin da ya la'anci mai sauya alamomin iyakar ƙasa. Sarakunan Abbasiyawa sun jera alamomi da tafkuna a kan hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, nisan wajen kilomita 1,400, wadda har yau ake kiranta da sunan Zubaida matar Haruna Rashid saboda dukiyar da ta kashe a kanta. Randar ruwan da tsohuwa ke ajiyewa a gindin tsamiya a bakin hanya, da kuɗin da ake bari a kan Gicciyen Ralph, duk niyya ɗaya ce. A ƙasar Hausa an ƙara da wani tsaro: an ce kuka da tsamiya gidan iskoki ne. Ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, tsoron nan ya hana gatari taɓa itatuwa masu yawa.

Abin da ya sauya

Turawa sun ci Haɗejiya ran 25 ga Afrilu 1906. A 1930 jirgin ƙasa ya isa Nguru ta Malam Madori da Birniwa, kayan da jaki ke ɗauka suka koma tasha, zanguna da yawa suka mutu. Hanyar mota ta zo da nata alamomi, watau turakun mil da jerin darbejiya, ta kuma haifi nata sunaye, irin su Mil Tara da Kwanar Dangora. Wannan sauyi ne da babu mai kuka da shi, gama babu mai son komawa tafiyar mako uku zuwa Kukawa.

Sauyi na biyu ya fi nauyi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, yanayin zuwan ruwa ya sake. Ruwan da ke gudu rani da damina ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa, ta toshe waɗansu rassan kogi, ruwa ya karkata ya cinye gonaki a wani wuri ya bar wani wuri a bushe. Mashigin da kakanni suka sani ya tashi daga inda yake. Ga kuma gatari: giginya ta tafi azara, gabaruwa da kanya sun tafi itacen wuta da gawayi. A ambaliyar 2022, da hanyoyin mota suka yanke, garuruwa da yawa sun koma ga ɗan fito, shi kuwa rabin alamominsa an sare.

Inda abin ya fi ciwo shi ne burtali. Burtali hanya ce, kuma iyaka ce, daidai da aikin nan biyu na gicciyen Dartmoor. Da shingen aguwa ko bini-da-zugu da manyan itatuwa ake gane shi, makiyayi ya san inda zai kora shanu zuwa mashaya, manomi ya san inda garmarsa za ta tsaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965, amma doka a takarda ba ta tsayar da saniya. In aka tuge aguwa aka sare tsamiyar da ke kusurwa, aka kuma binne dattijon da ya san wurin, sai kowa ya faɗi iyakar da ta yi masa daɗi. Kowa a ɗakin nan ya san rayukan da aka yi hasara a ƙasar Guri da maƙwabtanta a rigingimun manoma da makiyaya. Ba na cewa ɓacewar alama ita kaɗai ce sanadi, akwai yawan jama'a da noman rani da ƙarancin makiyaya. Amma alƙalin da aka kawo wa ƙara kan burtali, da me zai yi hukunci in babu shaida a ƙasa?

Kammalawa

Na roƙe ku ku riƙe sunan William Crossing. Abin da ya yi ba ya bukatar kuɗi mai yawa, ƙafa ce da kunne da alƙalami. Mu kuwa mun fi shi bukatar gaggawa, domin dutse in ya faɗi ana iya tayar da shi bayan shekara ɗari, kuka in ta faɗi cikin 'yan shekaru ta ruɓe babu ko alama. Masana sun auna waɗansu kukoki a kudancin Afirka sun tarar sun haura shekara 1,000, sa'an nan wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna 9 daga cikin 13 mafi tsufa sun mutu ko sun fara zubewa cikin 'yan shekaru kaɗan.

Ga ɗalibai, ina ba ku shawara: wanda ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ya koma garinsu ya zauna da 'yan fito da masunta da ardo da tsofaffin fatake, ya rubuta sunan kowace itaciya mai suna, da kowane mashigi da zango da kufai, da labarin da ke bayansa, cikin harshen da aka faɗa masa, ko Hausa ko Ngizimanci ko Fulatanci. Wayar da ke aljihunsa tana iya ɗaukar hoto ta kuma nuna daidai inda abin yake a taswira.

Ga ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi da na gandun daji da na safiyo, ina roƙo a buɗe rajistar irin waɗannan itatuwa tare da hakimai da dagatai, a hana sare su, a kuma kafa turakun siminti a burtali kamar yadda maƙwabtanmu na Nijar suka yi a wurare da yawa bayan dokarsu ta karkara ta 1993. A kafa turken a gaban manomi da makiyayi duka, a dasa itaciya a gefensa, domin turke ana iya tuge shi da dare, itaciyar da gari ya san sunanta kuwa ba a sare ta a ɓoye.

Dattijon nan ɗan fito da na ba ku labari ya rasu. Da na koma bara na tarar doguwar giginyar tana nan, gajeruwar kuwa an sare ta, jikansa da ya gaji kwalekwalen yana lalube da gora. Shi ne dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana yau.